Harafin E a Gilashin Fitila: Tarihin Amincewa da Mota Kafin Ta Ƙetare Iyaka

Duk wanda ya sunkuya ya dubi gilashin fitilar mota da kyau, ko kusurwar gilashin ƙofa, ko gefen taya, sau da yawa zai ga wata ƴar da'ira, a cikinta akwai babban harafin E tare da lamba. Direba yakan shekara goma da mota bai taɓa lura da ita ba, wanda ya lura kuma yakan ɗauka ado ne na kamfani. Alhali kuwa hatimin hukuma ne. Lambar tana nuna ƙasar da ta gwada kayan ta amince da su: 1 Jamus ce, 2 Faransa, 3 Italiya, 4 Holan, 6 Beljiyam, 11 Birtaniya, 43 Japan. Ba inda aka ƙera kayan take nunawa ba. Fitilar da aka yi a ƙasar Sin tana iya ɗaukar lamba 4, idan hukumar Holan ce ta ba ta shaida.

Matsalar da wannan hatimi ya zo warwarewa ta girmi yaƙin duniya na farko. Kamfani yakan ƙera mota iri ɗaya dubu ɗari a shekara, kuma babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su gwada burkin kowace ɗaya, balle su buga ta da bango su ga yadda za ta lotse. Idan kuma aka bar kamfani ya sayar da abin da ya ga dama, to ran mai saye da na mai tafiya a ƙasa ya koma hannun wanda ribarsa ke cikin rage kuɗin ƙira. Dabarar da aka samo ita ce a gwada ɗaya ko kaɗan a madadin sauran, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin cewa duk wadda za ta fito daga masana'antarsa da wannan suna daidai take da wadda aka gwada.

A wannan rubutu za mu kira tsarin da sunan amincewa da samfuri. Kalmar samfuri aro ce daga Ingilishi, amma ta daɗe da zama a bakin ƴan kasuwa: mai atamfa yakan nuna ɗan yanki, mai hatsi ya ɗebo tafi ɗaya daga buhu, a yi ciniki a kan cewa sauran haka suke. Ma'anar ke nan a nan ma, har da haɗarin da ke cikinta, domin kowa ya san buhun da samansa ya fi ƙasansa kyau.

Faransa, 1899

Ingila ta yi dokar ababen hawa masu inji tun 1865, sai dai dokar hana gudu ce, wadda ta wajabta mutum ya riƙa tafiya a gaban injin riƙe da jar tuta, kuma sai a 1896 aka sakar wa ƙananan motoci mara. Faransa, wadda a ƙarshen ƙarni na 19 ita ce kan gaba wajen ƙera motoci, ta dubi al'amarin ta wata fuskar. Dokar da gwamnatinta ta fitar ranar 10 ga Maris 1899 ta yi magana a kan ginin motar kanta. Dole tankin mai ya kasance ba ya yoyon abin da zai kama wuta. Dole a samu burki iri biyu waɗanda ba su dogara da juna ba. Motar da nauyinta ya wuce kilo 250 sai ta iya ja da baya da injinta. Haka nan ba a yarda ta firgita dawaki ko ta cika hanya da wari ba, sharaɗin da ke nuna wa mai karatu su wane ne masu hanya a wancan zamani.

Tambayar da ta rage ita ce wa zai duba. Babu ma'aikatar sufuri irin ta yau, amma akwai injiniyoyin hukumar ma'adinai, waɗanda tun da daɗewa su ne ke duba tukwanen tururi a masana'antu da jiragen ƙasa don kada su fashe. Tunda motocin farko da dama da tururi suke tafiya, sai aka ɗora musu aikin. Dokar ta ce kamfani ya kai kowane samfuri da ya ƙirƙira a duba. Idan ya cika sharuɗɗa, kamfanin yana da ikon sayar da adadin da ya so a kan wannan samfuri, muddin ya ba kowace mota lambarta a jeri, ya kuma miƙa wa mai saye takardar shaidar cewa tasa daidai take da wadda aka duba. Motar da aka shigo da ita daga waje kuwa sai an duba ta kafin ta hau hanya.

Duk ginshiƙan da ake aiki da su a yau suna cikin wannan doka: samfuri, lambar shasi, takardar shaidar dacewa, da kuma bambanci tsakanin motar gida da baƙuwa. Daga ita ne kuma aka sami takardar rajista mai launin toka da ake kira kart giris a Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa. Har gobe ma Bafaranshe yakan kira farantin lambar mota da suna mai alaƙa da ma'adinai, ko da bai san dalili ba.

Shekara goma bayan haka, ranar 11 ga Oktoba 1909, wakilan ƙasashen Turai suka sa hannu a birnin Faris a kan yarjejeniyar farko ta zirga-zirgar motoci tsakanin ƙasashe. Ta ƙunshi sharuɗɗan burki da sitiyari da fitila, ta samar da takardar tafiya ta ƙasa da ƙasa, ta kuma kawo farantin da ke nuna ƙasar mota, F ga Faransa, D ga Jamus. Jikokinsa ne RN na Nijar da WAN na Najeriya da GH na Gana. Amma wannan yarjejeniya, da waɗanda suka gaje ta a 1926 da 1949, maganar baƙo mai wucewa suke yi. Wanda ya zo da mota don ya sayar, dokar gida ce ke jiransa.

Janiba, 1958

Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Turai sun farfaɗo, kuma kowace tana neman kasuwa a waje, amma kowace ƙasa da nata ƙa'idojin. Faransa tun 1937 ta wajabta fitilar gaba ruwan ɗorawa, ba ta janye ba sai 1993, kuma waɗanda suka manyanta za su tuna tsofaffin Peugeot da Renault masu irin wannan haske. Maƙwabtanta farar fitila suke so. Birtaniya hagu take bi, Suwidin ma haka har zuwa 1967. Kamfanin da ke son sayarwa a ƙasa shida sai ya ƙera motar iri shida, ya biya kuɗin gwaji sau shida, ya jira amsa sau shida. Wasu bambance-bambancen suna da hujjar tsaro. Wasu kuwa katanga ce kawai aka gina wa kamfanonin gida, aka shafe ta da farar ƙasar kare rayuka.

Hukumar Tattalin Arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a Janiba a 1947, ta naɗa wani kwamitin ƙwararru kan ƙirar motoci a watan Yunin 1952, wanda aka sani da WP.29. A 1956 Jamus da Faransa da Italiya da Holan suka yi wata ƙaramar yarjejeniya a birnin Rum a kan fitilar gaba. Ganin ta yi aiki, sai aka faɗaɗa ta, ranar 20 ga Maris 1958 aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta haifi harafin E, ta fara aiki a watan Yunin 1959.

Ba banza ba aka fara da fitila. Injiniyoyin Turai sun ƙirƙiro ƙaramin haske wanda ba daidai yake a ɓangarorin biyu ba: yana ɗagawa ta gefen titi don direba ya hango mai tafiya a ƙasa, yana sunkuyawa ta gefen motar da ke tahowa don kada ya kashe wa direbanta ido. Saboda haka fitilar da aka yi wa ƙasar da ke bin hagu, idan aka kawo ta inda ake bin dama, hasken nan da ke ɗagawa kai tsaye yake shiga idon mai zuwa. Shi ya sa ake zana ƴar kibiya a gilashin fitilar da aka yi wa masu bin hagu. Najeriya ta koma bin dama a 1972, Gana a 1974, kuma duk wanda ya juya sitiyarin motar Japan ko Ingila ya bar fitilunta yadda suke, rabin aiki ya yi.

Tsarin yarjejeniyar mai sauƙi ne, kuma sauƙinsa ne ya sa ta rayu. Ana rubuta ƙa'ida a kan ɓangare ɗaya na mota, a fayyace yadda za a gwada shi. Ƙasar da ta karɓi wannan ƙa'ida tana iya ba da shaida a kanta, kuma wajibi ne ta karɓi shaidar da wata ƙasar ta bayar ba tare da sake gwaji ba. Hukumar da ta ba da shaida ita ce za ta ci gaba da sa ido a masana'anta don tabbatar da cewa abin da ake ƙerawa bai kauce wa samfuri ba. Sai kuma sharaɗin da ya jawo ƙasashe suka shiga ba fargaba: ba dole ne ƙasa ta karɓi dukkan ƙa'idojin ba, ta zaɓi waɗanda take so. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, za mu sake haɗuwa da shi.

Ƙa'ida ta 1, a kan fitila, ta fara aiki a 1960. Sauran suka biyo baya: ta 13 a kan burki, ta 16 a kan bel ɗin kujera, ta 30 a kan taya, ta 43 a kan gilashi, ta 94 da ta 95 a kan karo ta gaba da ta gefe. Yanzu sun haura 160, har da waɗanda suka fara aiki a 2021 a kan kare kwamfutar mota daga masu kutse.

Ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai sun so fiye da haka, wato shaida ɗaya ga mota sukutum, ba ɓangare-ɓangare ba. Sun kafa tushen tsarin a watan Fabrairun 1970, amma sai da aka shekara ashirin da shida kafin ya zama wajibi ga sababbin samfuran ƙananan motoci, a 1996. Jinkirin bai rasa nasaba da tsoro ba: ranar da shaida ɗaya ta isa, ranar ce motar Japan da ta sami hatimi a ƙasa ɗaya za ta shiga dukkan sauran. Hatimin tarayyar ƙaramin harafin e ne a cikin akwati mai kusurwa huɗu. A gefe guda kuma aka jera matakan rage hayaƙi, Euro 1 a 1992, Euro 4 a 2005, Euro 6 a 2014.

Hanyar Amurka

Amurka ba ta shiga yarjejeniyar 1958 ba, kuma har yau ba ta shiga ba. Kasuwarta ta ishe ta, kamfanoninta ba su dogara da fitar da motoci ba. Har tsakiyar shekarun 1960 gwamnatin tarayya ba ta da cikakkiyar doka a kan tsaron ƙirar mota. Littafin da lauya Ralph Nader ya fitar a 1965, wanda ya zargi kamfanoni da fifita ado a kan rayuka, da zaman sauraron bahasi da majalisar dattawa ta yi, su suka sauya lamarin. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar tsaron motoci a watan Satumban 1966, ƙa'idojin farko suka fara aiki a 1968.

Sai dai hanyar da suka bi ta saɓa wa ta Turai tun daga tushe. A fannin tsaro, hukuma ba ta gwada mota kafin a sayar. Kamfani ne ke ba kansa shaida, ya liƙa takarda a jikin madogarar ƙofar direba yana cewa motar ta cika dukkan ƙa'idoji. Daga baya hukumar NHTSA ta sayi motoci a kasuwa kamar kowa, ta gwada, in ta sami saɓani sai tara da umarnin janye motocin a gyara, ga kuma kotuna da lauyoyin diyya suna jira. Bature yana cewa nuna mini kafin ka sayar, Ba'amurke yana cewa sayar, amma ka kuka da kanka in na kama ka. Hayaƙi ne kaɗai aka ware: tun bayan dokar tsabtar iska ta 1970 sai hukumar kare muhalli ta ba da takarda kafin mota ta shiga kasuwa.

Ƙa'idojin kansu ma sun sha bamban, kuma masu fitar da motoci daga Turai su suka ji a jikinsu. Tun 1940 Amurka ta tsaya a kan fitila rufaffiya mai girma ƙayyadadde, wadda in ta mutu sai a sauya ta gaba ɗaya, ba ta yarda da mai ƙwan cirewa ba sai 1983. Citroën DS mai fitilun da ke juyawa tare da sitiyari, sai da aka cire mata wannan fasaha kafin ta shiga. A 1973 aka wajabta bambar da za ta jure karo a gudun mil 5, kimanin kilomita 8 a awa, ba tare da lalacewar fitila ko tanki ba. Ƙaramar motar Ingila MGB ta koma da baƙar bambar roba mai kauri, aka kuma ɗaga tsayinta, masoyanta har yau ba su yafe ba. Citroën kuwa ta tattara nata ya nata ta bar kasuwar.

A farkon shekarun 1980 dala ta yi ƙarfi, Amurkawa suka gane cewa sayen Mercedes a Jamus a kawo a yi mata ƴan gyare-gyare ya fi araha a kan saye a wajen dillalin kamfani. A 1985 kaɗai motoci fiye da 60,000 suka shiga ta wannan hanya. Kamfanoni da dillalansu, Mercedes a kan gaba, suka matsa wa majalisa, a 1988 aka yi dokar da ta kusan toshe ƙofar: motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar Amurka ba ba ta shiga cikin sauƙi sai ta shekara 25. An kafa hujja da tsaro, kuma gaskiya ne wasu gyare-gyaren na algus ne, amma wanda ya nemi dokar shi ne wanda cinikinsa ke raguwa. Dokar ba ta san attajiri ba. Porsche 959 da Bill Gates ya saya ta shekara 13 a hannun duwan, saboda kamfanin bai ba da motocin da za a farfasa a gwaji ba, sai a 1999 aka yi wani sassauci ga motocin tarihi da na baje koli, bisa sharaɗin kada su wuce mil 2,500 a shekara.

Japan da Sin

Japan tana da nata tsarin amincewa da samfuri a ƙarƙashin dokar ababen hawa ta 1951, kuma kamfanoninta sun koyi darasin da ya ɗaukaka su: maimakon jayayya da ƙa'idar kasuwar waje, a riga masu ita cika ta. Lokacin da manyan kamfanonin Amurka ke cewa sharuɗɗan hayaƙi na dokar 1970 ba za su yiwu ba, Honda ta fito da injin CVCC a 1972 wanda ya cika su. Da aka buɗe yarjejeniyar 1958 ga ƙasashen da ba na Turai ba a 1995, Japan ta shiga a 1998, Ostireliya da Afirka ta Kudu da Koriya ta Kudu suka biyo baya. Daga Afirka an ƙara samun Tunisiya da Masar, Najeriya kuma ta shiga a 2018 da lamba 63.

Don a jawo Amurka, an ƙulla wata yarjejeniyar a 1998 wadda ke tsara ƙa'idojin fasaha na duniya ba tare da wajabta karɓar shaidar juna ba. Amurka da Kanada da Sin da Indiya duk suna ciki. Ƙa'idarta ta farko, a kan makullin ƙofa, sai a 2004 ta fito, abin da ke nuna irin tafiyar hawainiyar da ake yi. Sin ta kafa nata hatimin, CCC, a farkon shekarun 2000. Motocinta na farko da suka leƙa Turai sun sha kunya: a 2005 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta buga Landwind da bango, gidan direba ya murƙushe, cinikin ya mutu nan take. Shekara goma sha takwas bayan haka, a 2023, Sin ta fitar da motoci kusan miliyan 4.9, ta wuce Japan mai miliyan 4.4.

Saman buhu da ƙasansa

Raunin tsarin yana nan inda muka faro. Kamfani ya san ranar gwaji, ya san yadda ake gwajin, shi ke kawo samfurin, kuma a Turai shi ke zaɓar ƙasar da zai nemi shaida, shi ke biyan cibiyar da za ta gwada. A 2014 masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗaura na'urar auna hayaƙi a bayan motocin Volkswagen masu amfani da gas, suka hau titi da su maimakon ɗakin gwaji. Abin da suka auna ya ninka abin da doka ta yarda sau da yawa. Ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana dalili: an sa wa kwamfutar injin wata manhaja da ke gane cewa ana gwaji, ta tsabtace hayaƙi, in an koma titi ta saki, har ya kai ninki 40 na ƙa'ida. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne a duniya, mafi yawansu a Turai, kowace da hatiminta.

Abin lura shi ne ba hukumomin da suka ba da shaida ne suka gano ba. Tarayyar Turai ta sake dokarta, sabuwar ta fara aiki a watan Satumban 2020: dole ƙasashe su riƙa ɗaukar motoci daga kasuwa suna gwadawa, an ƙara gwajin hayaƙi a kan titi, hukumar tarayyar kuma tana iya cin tarar da ta kai yuro 30,000 a kan kowace mota. Wato Turai ta ari rabin hanyar Amurka.

Japan ma ba ta tsira ba. A watan Afrilun 2023 Daihatsu ta amsa cewa an yi wa murfin cikin ƙofar motocin gwaji wani ɗan tsagi da babu shi a waɗanda ake sayarwa, don kada ya fashe da kaifi a gwajin karo ta gefe. Motocin kasuwannin waje ne, galibi Tailan da Malesiya. Kwamitin da ya bincika ya fitar da rahoto a watan Disamba: saɓani 174 a samfura 64, mafi tsufa tun 1989. Kamfanin ya dakatar da fitar da motoci gaba ɗaya na wani lokaci, gwamnati ta soke shaidar samfura uku.

Motar da ta tsufa

Duk abin da ya gabata maganar sabuwar mota ne. Shaidar samfuri tana faɗin yadda mota take ranar da ta bar masana'anta, ba ta cewa komai game da halinta bayan shekara goma sha biyar da masu ita huɗu. A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, domin galibin motocin da ke yawo daga Yamai zuwa Kano, daga Kumasi zuwa Garwa, ba sababbi suka zo ba. Sunayen da aka raɗa musu sun isa shaida. Ana ce musu Beljiyam, saboda unguwar dillalai ta birnin Burusal da tashar jiragen ruwa ta Antwaf, ana kuma cewa ƴar Kwatano, saboda tashar da ake sauke su kafin a koro su arewa ta Gaya zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, amma sunan bai mutu ba.

Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya ƙidaya ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka. Daga ƙasashe 146 da aka nazarta, kusan biyu bisa uku dokokinsu na shigo da irin waɗannan motoci masu rauni ne. Sufetocin gwamnatin Holan da suka duba motocin da ke jiran jirgi sun tarar yawancinsu ba su da ingantacciyar takardar lafiyar hawa titi, da yawa shekarunsu tsakanin 16 da 20, wasu an yanke musu tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi, saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Harafin E yana nan a gilashin fitilarsu daram, sai dai abin da yake shaida ya daɗe da gushewa.

Tunda ƙasar da ke fitarwa ba ta cika damuwa ba, nauyin ya faɗo a kan mai karɓa. Kenya ta tsaya a kan shekara takwas, kuma sai an duba motar tun a Japan kafin a ɗora ta a jirgi, dabarar da ta fi a jira ta iso a fara jayayya da mai ita a bakin tasha. Kodebuwa ta sa iyakar shekara biyar ga ƙananan motoci a 2018. Ministocin ƙungiyar CEDEAO, wadda a Najeriya da Gana ake kira ECOWAS, sun haɗu a Wagadugu a watan Fabrairun 2020 suka amince cewa daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita ta kai matakin Euro 4, tare da iyakar shekara biyar ga ƙanana da goma ga manya, aka ba da wa'adin shekara goma don cika sharaɗin shekarun. An haɗa da sharaɗin mai, wato kada farar wutar da ke cikinsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan, kuma haɗin ya yi daidai, domin injin Euro 4 ba ya riƙe tsabtarsa da ƙazamin mai. Binciken wata ƙungiyar Suwizalan a 2016 ya sami gas a Mali mai farar wuta kusan ninki 380 na abin da Turai ta yarda. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, alhali tashoshin da motocinsu ke sauka suna hannun waɗanda suka rage a ciki.

Amma kada ɗalibi ya ɗauka cewa tsufa ne kaɗai illa, sabunta kuma magani. Iyakar shekaru ma'auni ne mai sauƙin aiwatarwa a wajen ma'aikacin duwan, ba ma'aunin inganci ba ne. Ƙungiyar Global NCAP, wadda ta fara gwada motocin kasuwar Afirka a 2017, ta nuna haka a fili a farkon 2020. Ta ɗauko sabuwar a-kori-kura ƙirar Nissan NP300 Hardbody ta 2019 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ta haɗa ta gaba da gaba da Nissan Navara ta 2015, ta hannu, wadda aka ƙera wa kasuwar Turai. Gidan direban sabuwar ya murƙushe, na'urorin da ke jikin mutum-mutumin gwaji suka nuna da wuya mai tuƙin ya rayu. Na tsohuwar ya tsaya da siffarsa, alamu suka nuna direbanta zai iya fita da ƙafarsa. Afirka ta Kudu tana cikin yarjejeniyar 1958 tun 2001, lambarta 47, amma kamar yadda aka faɗa a baya, kowace ƙasa ita ke zaɓar ƙa'idojin da za ta wajabta a kasuwarta. Motar da ta murƙushe ɗin bisa doka ake sayar da ita, da takardunta cikakku.